Yadda Manta-Uwa Ta Kai Ga Teburin Masu Zane

Duk wanda ya tashi a Gwiwa ko Roni ya san yadda daji ke sauya kama bayan ruwan shuka. Furanni su fito tsakanin duwatsu, kafin ka sake bi ta wurin sun yi yaushi. Wannan gajeren kwana na fure na cikin abin da ya haifar da sana'ar zana tsirrai da fentin ruwa.

Masu binciken tsirrai na ƙarni na 19 sukan tsinko fure su matse shi tsakanin takardu har ya bushe, su aika gida. Ciyawa na jure wannan. Dangin furen da Turawa ke kira okid kuwa ba sa jurewa: furensu na da kauri da leɓe da lungu-lungu, idan aka matse shi sai ya koma baƙi-baƙi kamar busasshiyar kuɓewa. Kyamara ba ta iya ɗaukar launi ba tukuna. Dole a nemo mai burushi ya zauna gaban furen tun yana ɗanye. An zaɓi fentin ruwa ne don yana saurin bushewa, kuma hasken takarda na ratsa shi yadda rana ke ratsa fure.

A Ingila sana'ar ta yi ƙarfi. William Curtis ya fara mujallarsa ta hotunan tsirrai a 1787, kuma har yau tana fita. Franz Bauer ya zauna a lambun Kew daga 1790 har mutuwarsa a 1840, yana feɗe furen okid a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana zana abin da ke ciki. Sarah Drake ta yi wa masani John Lindley zane sama da dubu, amma sunan Lindley aka fi tunawa, kamar yadda aka saba yi wa mata.

Ta kogin Kwara labarin ya iso gare mu. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su hau kogin, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikin Turawan. Wani mai aikin lambu da ke cikin tawagar, John Ansell, ya ga wani okid maƙale a jikin kwakwar manja a tsibirin Fanando Po, furensa rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. A 1844 Lindley ya raɗa masa Ansellia africana. Bayan haka Charles Barter, wanda jirginsu ya fashe kusa da Jebba a 1857, ya yi ta tara tsirrai a ƙasar Nufe har ya mutu a Rabba a 1859.

Abin da Lindley bai sani ba shi ne tsiron na da suna tuntuni. Sai da wani likita ɗan Sikotilan, John Dalziel, ya yi aiki a Katagum da Sakkwato da Yola yana tambayar mutane, sannan a 1916 ya fitar da ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa. A nan aka ga sunansa na Hausa, manta-uwa, wadda ake ba yaro lokacin yaye. Ni dai wannan suna ya fi mini na Latin: ɗaya na tuna da Baturen da ya tsinko, ɗayan na gaya maka aikin da tsiron ke yi a cikin gida. Masu magani da maharban da suka ba Dalziel sunayen ba su shiga bangon littafi ba.

Daga 1927 zuwa 1936 Dalziel da John Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma a Kew, Victor Summerhayes ya rubuta babin okid. Zanen ciki na baƙar tawada ne, domin buga launi na da tsada.

Manta-uwa dai ba a ƙasar Kazaure za ka neme ta ba. Sai ka gangara kudu. Okid masu tsirowa a ƙasa kuma sun fi yawa a tsaunukan Jos da Mambila, inda suke fitowa da farkon damina. Wanda ke son ganin tsofaffin zanen kuwa sai Landan, inda Kew ta buɗe musu zaure na musamman a 2008.