Suna Ɗaya, Ƙwaya Biyu: Tarihin Gyaɗar Ƙamshi Daga Banda Zuwa Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wani ɗan ciniki. A kasuwar Kafanchan na tambayi mai kayan yaji gyaɗar ƙamshi, sai ya auno mini wasu ƙwayoyi dogaye-dogaye masu ɓawo, irin waɗanda akan gasa a ɓare kafin a daka. Da na matsa wajen mai sayar da kayan kek da cincin na faɗi wannan suna, sai ta miƙo mini ƙwaya guda mai siffar ƙwan tsuntsu, ta ce gogawa ake yi. Babu wanda ya cuce ni a cikinsu. Manufar maƙalar ita ce bin sawun yadda tsirrai biyu suka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, da kuma abin da hakan ke iya haifarwa.

2.0 Asalin Ƙwayoyin Biyu

Ta farkon, wadda masana tsirrai ke kira Monodora myristica, 'yar kurmin Afirka ce. Itaciyarta na yin 'ya'ya kamar duma, ƙwayoyin suna ciki. Ibo na ce mata ehuru, Yarabawa ariwo, kuma ita ce ƙashin bayan farfesun Kudu. Hausawa na da wasu sunaye gare ta, wato gyaɗar miya da gujiyar ɗan miya.

Ta biyun, Myristica fragrans, tafiyarta ta fi tsawo, ta kuma fi jini. Mahaifarta wasu 'yan tsibirai ne da ake kira Banda, a ƙasar Indunusiya ta yau, kuma shekaru aru-aru daga can kaɗai duniya ke samun ta, ta hannun fataken Asiya da Larabawa. Turawan Fotugal sun isa Banda a 1512. A 1621 kamfanin Holan, a ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya ci tsibiran da yaƙi. Daga mutane kimanin 15,000, akasari an kashe su, ko an bautar da su, ko sun gudu. A yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta sallama wa Holan tsibirin Run, ita kuma ta riƙe Manhattan, wato tsakiyar birnin Niyok a yau. Sai a 1770 Bafaranshe Pierre Poivre ya sa aka sato dashenta zuwa Morishus, daga nan babakeren Holan ya fara rushewa.

3.0 Abin da Sunan Ke Faɗa

Larabawa na kiran ta Banda jauzuɗ-ɗib, ma'ana ƙwaya mai ƙamshi. A ganina ba dacewa kawai ba ce ta sa ginin sunan Hausa ya zo daidai da wannan. Ya yi kama da fassara. Abin lura shi ne kanumfari an are shi ɗungurungum daga ƙaranful, amma a nan Bahaushe ya ɗauko abin da ya sani ya auna baƙon da shi. Ita kanta gyaɗar baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, wadda ta shigo Afirka bayan zuwan Turawan Fotugal, alhali gujiya 'yar gida ce. Don haka nake kyautata zaton gujiyar ɗan miya ya girmi gyaɗar miya, ko da yake dole a yi hattara, domin a karin harshen Sakkwato gyaɗar ma gujiya ake ce mata.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce. Citta ma suna ɗaya ce ga tsirrai biyu, amma a can harshen ya yi wa kansa gyara: citta mai ƙwaya dabam, citta mai yatsu dabam. Gyaɗar ƙamshi ce ba ta sami wannan gata ba.

4.0 Mahaɗar Kafanchan

Babu inda irin wannan cuɗanya ta fi sauƙin faruwa kamar garin da jirgin ƙasa ya raya. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya iso Kafanchan a tsakiyar shekarun 1920, a 1927 aka buɗe reshen Jos, sannan a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa suka zauna da tukwanensu da kayan miyarsu, kantuna suka kawo kayan Turawa, Fantsuwam da Bajju da Ham da Hausawa suka haɗu a kasuwa guda, kuma Hausa ce harshen cinikin. A wannan zamanin ne kuma noman citta don fitarwa waje ya kafu a ƙasar Jaba, yankin ya zama cibiyar yaji. Harshen kasuwa kuwa gaggawa gare shi. In ƙamshi ya yi kama, suna ɗaya ya wadatar.

5.0 Inda Matsalar Take

Da a ce ƙamshi ne kaɗai abin dubawa, da ba a tsaya ɓata tawada ba. Ta Banda tana ɗauke da wani sinadari, miristisin, wanda ɗan abin da ake gogawa a kek ko fanke ba ya sa shi ya yi illa. Amma in aka sha garinta da yawa, daga kimanin giram 5 zuwa sama, yakan jawo bushewar baki, jiri, amai, bugun zuciya da gane-gane, kuma abin kan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana, ya kuma wuce kwana guda bai saki mutum ba. Likitoci na gargaɗin masu juna biyu da yara musamman. Malaman fiƙihu sun riga mu lura: a ƙarni na 16 Ibn Hajar al-Haitami ya lissafa ta cikin abubuwa masu bugarwa, shi kuwa al-Ramli ya halatta kaɗan ya hana mai yawa.

Ta kurmi ba a san ta da wannan hali ba, shi ya sa ake zuba ta hannu sake a miya. To, a ɗauka uwa ta ce wa 'yarta ta daka gyaɗar ƙamshi goma a yajin jego, tana nufin ƙananan nan na kurmi, 'yar kuma ta sayo manyan na Banda, waɗanda kowace ɗaya kan kai giram 5 ko fiye. Shawarata ga masu aikin ƙamus da masu fassara bayanan lafiya a rediyo ita ce a bar wa ta kurmi tsohon sunanta, gyaɗar miya, a keɓe gyaɗar ƙamshi ga ta Banda. Mai kayan yajin da na fara ambata, da na gwada masa wannan rabo, cewa ya yi ai duk wadda ta zo da sunan miya ya san abin da zai auna mata.