Motocin Amurka da suka ƙi mutuwa a Kyuba

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Malecón na birnin Habana zai ga Chevrolet ƙirar 1957 ta wuce, Buick na biye da ita, can kuma ga Ford Fairlane maƙare da fasinjoji. Akasarinsu sun girmi direbobinsu, kuma har gobe su ke ciyar da gidaje.

Kafin 1959, masu hannu da shuni a Kyuba motocin birnin Detroit na Amurka suke hawa, tunda tsakanin tsibirin da jihar Florida bai fi kilomita 150 ba. A watan Janairun 1959 Fidel Castro ya kifar da gwamnatin Batista, dangantaka da Amurka ta yi tsami. Shugaban Amurka Eisenhower ya hana kai yawancin kayayyaki Kyuba a 1960, sannan Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba cikakken takunkumi a Fabrairun 1962. Daga nan ba sabuwar mota, ba kayan gyara daga Amurka.

Abin da ya ceci motocin shi ne yadda aka ƙera su. Shasi daban yake, na ƙarfe mai kauri, aka ɗora masa bodi aka ɗaure da noti. Idan tsatsa ta ci ƙofa, mai walda zai yanke wurin ya yi faci, ƙashin bayan motar na nan daram. Buɗe bonet kuwa, inji ne mai silinda shida ko takwas da kafireta, ba kwamfuta, ga fili har bakanike ya zura hannu ko'ina. Abin da ya karye, a fiƙe wani a injin juya ƙarfe.

Sai dai a ganina ana cika yabon Detroit ana mance masu gareji. Da yawan motocin nan ba injinsu na asali ke jan su ba. An dasa musu na Volga da Lada daga Tarayyar Sobiyet, daga baya na dizal ƙirar Toyota ko Hyundai, saboda tsofaffin injinan zuƙar fetur suke ba tausayi. Hannun makanikan Kyuba ya yi rabin aikin, ko ma fiye.

Doka ma ta ƙara musu daraja. Shekara da shekaru, motocin da aka shigo da su kafin juyin juya halin 1959 kaɗai talaka ke da ikon saye da sayarwa yadda ya so, sai a 2011 gwamnatin Raúl Castro ta sassauta. Shi ya sa mota ta zama gado kamar gona: uba ya bar wa ɗa, ɗa ya yi tasi da ita. Masu buɗaɗɗen sama, da suka sha fenti da goge, na ɗaukar 'yan yawon buɗe ido su biya da kuɗin waje. Sauran kuwa tun asuba suke jigilar ma'aikata tsakanin unguwannin Habana, mutum biyar ko shida a kowane sawu.