Fure Da Tsirrai A Fasahar Hausawan Hanyar Gwanja: Salaga, Yendi Da Bawku

Gabatarwa

Idan aka ba ɗalibi aikin nazarin masu zanen furanni da tsirrai, sunayen da yakan fara cin karo da su na Turawa ne. Zai ji labarin Maria Sibylla Merian, wadda ta tafi ƙasar Suriname a 1699 ta zana tsirrai da ƙwarin da ke rayuwa a kansu, da kuma Vincent van Gogh, wanda ya zana furanninsa masu launin rawaya a garin Arles na ƙasar Faransa a 1888. A wannan shekara ta 1888 ne wani hafsan sojan Faransa mai suna Louis-Gustave Binger ya shiga Salaga, inda ya tarar da kasuwar da fatake ke zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ana ciniki da harshen Hausa. Garin yana da malamai masu rubutu da zayyana, da dukawa, da maɗinka. Sai dai ɗalibin da ya nemi hoton fure a cikin ayyukansu zai sha wuya kafin ya samu, har ya zaci mutanen ba su damu da tsirrai ba. Wannan maƙala ta bi tarihin garuruwa uku na arewacin Gana domin nuna inda tsiro yake a cikin fasahar Hausawan zango, da lokacin da hoton fure ya shigo cikinta.

Salaga Da Fataucin Goro

Gwanja shi ne sunan da Hausawa suka ba ƙasar Gonja, kuma Salaga ce babbar kasuwarta, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune. Bayan Asante ta rinjayi Gonja da Dagomba a tsakiyar ƙarni na 18, sai Salaga ta zama mahaɗar mutanen kurmi da na arewa. Ayarin fatake a ƙarƙashin madugu yakan taso daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga, tafiyar watanni da jakuna da alfadarai. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Sukan kawo turkuɗi da riguna da jar fata da kanwa da dabbobi, su koma da goro. A wannan kasuwa kuma an yi cinikin bayi mai yawa, kuma gumin waɗannan bayin yana cikin dukiyar da ta raya garin.

Bishiyar goro ba ta yi a Salaga, a kurmin Asante take. A mafi yawan ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su barin fataken arewa su kutsa cikin kurmin. Saboda haka mutum zai iya ƙare rayuwarsa yana fataucin goro bai taɓa ganin furen bishiyar ba, ɗan ƙaramin fure mai fari da ratsin ja. Abin da ya sani shi ne ɗan goron, fari da ja, da ganyen fita da ake naɗe shi a ciki, da huhun da ake ɗaura wa jaki, da yayyafin ruwan da ke hana shi bushewa a hanya. Hatta lissafinsa daga tsiro aka aro shi, domin ƙwaryar goro na nufin goro 100. Sanin da bafatake ya yi wa tsiro sani ne na hannu da amfani, kuma irin wannan sani ne masu sana'a suka gina fasaharsu a kai.

Tsirrai A Matsayin Kayan Aiki

Marini yana samun shuɗi daga ganyen baba, wanda ake dakawa a cura a shanya, sannan a jiƙa shi a karofi tare da ruwan toka har ya nuna. A ƙasar Gonja garin Daboya, a bakin kogin Farar Volta, ya yi suna wajen rini da saƙa, kuma har yau ana ɗinka rigar nan ta arewacin Gana da ake kira batakari ko fugu da sawayen da aka saƙa a can. Majemi yana jeme fata da 'ya'yan bagaruwa. Baduku yana samun jan launi daga karan dafi, wani nau'in dawa da ake nomawa domin rini kawai, yana samun rawaya daga gangamau ko daga saiwar tsiron da ake kira rawaya. Wannan tsiro yakan fitar da babban fure daga ƙasa da rani, bayan gobarar daji ta wuce, alhali ko ganye bai yi ba. A Hausa sunan tsiron da sunan launin ɗaya ne. Haka kuma idan Bahaushe ya ce abu ruwan ɗorawa ne ko ruwan goro, daga tsiro ya ɗauko sunan launin.

Maɗinkin babbar riga yakan yi aikinsa da zaren tsamiya, wato silikin da ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke cin ganyen tsamiya, ko da alharini mai ja wanda ake kawowa ta Sahara. Mai sassaƙar ƙwarya yana aiki a kan ɗan duma, da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Malami yana feƙe alƙalaminsa daga kara, yana haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Ko takardar da yake rubutu a kai, wadda yawancinta daga Italiya take zuwa da tambarin jinjirin wata uku, daga tsummokaran auduga da makamantansu aka yi ta. Duk wanda ya riƙe tsohon Alƙur'ani na hannu a cikin gafakarsa, kusan komai da ke hannunsa tsiro ne ya ba da shi ko ya gyara shi.

Siffofin Zane Da Dalilansu

Idan aka dubi siffofin da waɗannan masu sana'a suka zana, za a ga layuka da da'irori da kusurwoyi ne suka fi yawa. A gaban riga akwai aska biyu da aska takwas da tambari da dagi. A gefen shafin Alƙur'ani akwai alamomin hizbi da rubu'i da sumuni, masu da'ira a cikin da'ira da ja da rawaya da baƙi. A allon zayyana, wanda ake yi wa almajirin da ya sauke, haka abin yake.

Addini bai hana zanen fure ba. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zanen bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Musulmin daular Usmaniyya sun cika tangaran na garin Iznik da furanni a ƙarni na 16, kuma Ustaz Mansur ya zana furannin Kashmir a fadar sarki Jahangir na Indiya a farkon ƙarni na 17. Dalilin Hausawa ya fi kusa da kayan aiki da kuma buƙatar mai saye. Masaƙar Bahaushe siririn sawu take fitarwa, wanda ratsi ya fi dacewa da shi. Wuƙar baduku miƙaƙƙen layi take so. Maɗinka da yawa almajirai ne da suka saba da zanen hatimi da zayyanar littafi, sai suka ɗauke su zuwa kan tufa. Mai sayen riga kuma alamar girma da kariya yake nema a jikinta, wadda kowa zai gane daga Kano har Gwanja.

Alhaji Umaru Da Watsewar Salaga

Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Gonja ya karye, kuma cinikin goro ya fara komawa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, Salaga ta watse, mazauna zango suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. A wannan shekara ce Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya iso garin. Daga baya ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, ya rasu a can a 1934. A Salaga ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete-Krachi kuma ya yi aiki da Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906, ya rubuta masa bayanai da ajami a kan noma da sana'o'i da kasuwancin ƙasar Hausa. Waɗannan rubuce-rubuce suna daga cikin muhimman shaidu da mai nazarin fasahar Hausawa ta ƙarni na 19 yake da su daga bakin ɗan gida. Wasu littattafan malaman wannan yanki an tattara su a Jami'ar Gana da ke Legon a shekarun 1960, ta ƙoƙarin Ivor Wilks da Alhaji Osmanu Boyo.

Yendi Da Bawku

Yendi ita ce fadar Ya Na, sarkin Dagomba, kuma zango ce a kan hanyar ayari. Musulunci ya samu gindin zama a fadar tun zamanin Na Zangina, wajajen farkon ƙarni na 18, kuma malamai Hausawa da Wangarawa suka zauna a ƙasar. Jamusawa sun ci Dagomba a yaƙin Adibo a 1896, sannan yarjejeniyar 1899 ta sa Yendi a ƙarƙashin Jamus, Salaga kuma a ƙarƙashin Ingila, aka datse tsohuwar hanya da iyaka. A Yendi fasahar baƙi ta haɗu da ta 'yan ƙasa a jikin kayan sarauta: rigar saƙi mai aiki a wuya, da layu da aka ɗinke cikin fata, da kayan doki, da takalman mahaya.

Bawku tana kusurwar arewa maso gabas, daf da iyakar Burkina Faso da Togo, ƙasar Kusasi da Mamprusi, kuma Hausa tana cikin manyan harsunan kasuwarta. A karkarar wannan yanki mata ne masu adon bango. Sukan yi zane da jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin launi, sannan su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa domin bangon ya yi ƙarko. Maginin Hausa ya san wannan dabara da sunan makuba. A garin Sirigu, yamma da Bawku, Melanie Kasise ta kafa ƙungiyar mata masu ginin tukwane da zane a 1997, kuma ta wannan hanya aikin ya sauko daga bango zuwa kan ƙyalle, masu yinsa suka fara fitowa da sunayensu.

Shigowar Fulawa

Hausa tana da kalmar fure, jam'inta furanni, ga abin da tsiro ke fitarwa. Tana kuma da fulawa, kalmar aro daga Ingilishi, wadda aka fi amfani da ita ga furen ado da wanda aka zana. Zaman kalmomin biyu tare yana nuna tarihin abin. Hoton fure mai kama da na gaske ya yawaita ne a ƙarni na 20 ta hanyar kayan kanti. Atamfa daga Holan da Ingila ta kawo ganye da furanni, kafin Gana ta buɗe masaƙunta a Tema da Akosombo a shekarun 1960. Kwanukan langa da fanteka masu fenti suka maye gurbin ƙorai a jeren ɗakin amarya. Keken ɗinki ya sauƙaƙa lanƙwasa zare a kan hula da mayafi da zanen gado. Masu fentin manyan motoci suka ƙawata jikinsu da furanni da tsuntsaye. Lalle ma, wanda a da ake ƙunsa shi ya rina tafi da ƙafa baki ɗaya, ya koma zanen fulawa ta tasirin Sudan da ƙasashen Larabawa da finafinan Indiya. A yawancin waɗannan sababbin fannoni mata ne a gaba.

Kammalawa

Wahalar da ɗalibi zai fuskanta ita ce rashin sunaye. Tarihi ya riƙe sunan Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, amma marinan Daboya da dukawan Yendi na wancan zamani ba su sa hannu a kan aikinsu ba. Saboda haka nazarin yana buƙatar a je wurin masu sana'ar da ke raye, domin gani ya kori ji. Ɗalibi zai iya zaɓar tsiro guda, kamar ɗorawa, ya zana furenta mai kama da jar ƙwallo da ke rataye a reshe da rani, sannan ya bi ta zuwa daddawa da makuba da sunan launi. Zai iya zama wurin baduku ko mai zanen lalle, ya rubuta sunanta da na wanda ya koya mata, da sunan kowane zane a bakinta. Yana kuma da abin koyi a kusa: Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987, ya shahara a duniya da tsofaffin buhunan garara da aka ɗauki koko da gawayi a cikinsu, ya lulluɓe manyan bangaye da su a bajekolin fasaha na Venice a 2015, ya kuma buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019. Buhun nasa ma daga zaren tsiro aka saƙa shi, kuma ya yi yawon kasuwanni kamar yadda huhun goro ya yi daga Salaga zuwa Kano.