Ƙaramar hukumar Makoɗa a taƙaice

Makoɗa tana arewacin jihar Kano, kusa da iyaka da jihar Jigawa, kuma hedkwatarta tana garin Koguna ne, ba a garin Makoɗa da ta samo sunanta ba.

An cire ta daga Ɗambatta a shekarar 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, amma har yanzu ɗan majalisar wakilai guda ke wakiltar su biyun a Abuja.

Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kimanin dubu 222, a fili mai murabba'in kilomita 441. Wannan cunkoso ne ya sa da wuya a bar gona ta huta. Manomi kan shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, yana kai mata takin dabbobi duk shekara, gonar kuma tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado. Da an gama kaka, matasa da dama sai su tafi ci-rani.

Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙananan asibitocin ƙauyuka, akan nufi Ɗambatta ko birnin Kano.

A 2019 an sanya Makoɗa ƙarƙashin masarautar Bichi, kafin a mayar da ita masarautar Kano a 2024.