Gauraka da Garma

Gauraka, tsuntsun nan mai dogon wuya da tukku ruwan zinariya, shi ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Najeriya. A da sananne ne a fadamun ƙasar Hausa, har sarakuna da attajirai kan ajiye shi a gida don ado. Yau da wuya a yi kiciɓis da shi a dajin ƙasar nan. Tarihin noma a yankin Funtua da Malumfashi ya isa ya nuna dalili.

Bukatun gauraka biyu ne. Da damina yakan tara ciyawa a tsakiyar fadama mai ruwa ya yi ƙwai, da dare kuma ya kwana bisa manyan itatuwa. Duka biyun noman kasuwa ya taɓa.

A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Turawa suka kafa gonar irin auduga a Daudawa, da injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Auduga ta zama kuɗi, sai aka shiga sare daji. A 1975 Bankin Duniya ya tallafa wa shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda ya yaɗa takin zamani da masara, ya buɗe hanyoyin karkara. Gonar da a da ake bari ta huta ta daina hutawa. Daga shekarun 1990 injinan ban ruwa suka mamaye fadamu, tumatir da shinkafa suka maye gurbin ciyawar sheƙa. Masu kamawa su sayar suka ƙarasa abin da ya rage.

Haka ta faru da koren ɗawisu a Kudu maso Gabashin Asiya: gonaki suka cinye dazuzzukan bakin kogi, har a 2009 aka sanya shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa.

Ba a ga laifin manomi, domin wannan garma ce ta ciyar da Arewa. Sai dai fadamar da gauraka ke bukata ita ce mai riƙe ruwan da rijiyoyi ke sha da rani, ita ce kuma makiyayar shanu idan ciyawar tudu ta bushe. Duk inda ta ƙafe, tsuntsu ne ke fara tashi, sannan makiyayi da manomi su tsaya suna jayayya a kan ragowar.