Kaza da 'Ya'yanta

Kaza da 'Ya'yanta suna ne da Bahaushe ya raɗa wa wasu taurari da suka cure wuri guda kamar 'yan tsaki a gindin uwa. Malaman hisabi na ce mata Surayya, ta uku a manzilolin wata 28. Masana falaki na zamani kuwa M45 suke kiran ta, lambarta a jadawalin Charles Messier ɗan Faransa. Ido kan ƙirga shida, mai kaifin gani bakwai, alhali sun haura 1,000, kuma haskensu kan shafe shekara kusan 440 kafin ya iso mu.

Tauraruwar kaka ce. A Nuwamba, ana cikin yankan dawa, takan ɓullo daga gabas da magariba, tsakar dare ta tsaya kusan bisa kan Kano, ta ɗan karkata arewa. Wajen Mayu hasken rana ya haɗiye ta, sai Yuni ta dawo da asuba, damina na kamawa.

Fagge ta Kano, inda Titin Ibrahim Taiwo ya ratsa, tsohon zangon ayari ne. Buzayen da ke sauke raƙuma a nan mutanen tafiyar dare ne, sun san ta sarai. A harshensu sunanta 'yan matan dare.

Galileo ya duba ta da madubin hange, ya zana taurari 36 a littafinsa na 1610. Hoto ne ya tona sauran: a 1885 'yan'uwa biyu, Paul da Prosper Henry, suka ɗauke ta a Faris, sai ga wani hazo kewaye da tauraron Maia, ɗaya daga cikin taurarinta. Da fari an zaci ragowar abin da ya haife su ne. Ashe gajimaren ƙura ne kawai suke ratsawa.

Yau mai tsayawa a bakin Titin Ibrahim Taiwo, kusa da Kantin Kwari, da ƙyar zai ga uku daga cikin taurarin, don fitilun shaguna da hayaƙin janareto da na A Daidaita Sahu sun dusashe sama, ga ƙurar hunturu na tafe. Mai son hotonta sai ya hau saman bene a daren da babu wata, tun ƙura ba ta yi kauri ba, ya jingina waya da bulo, ya bar kyamara a buɗe daƙiƙa goma. In ya zarce sosai, juyawar duniya za ta ja taurarin su zama zare-zare. Shuɗin hazon nan na Maia kuwa sai an fita bayan gari.