Tafiyar Farko da Tafiye-tafiyen Komawa: Neman Ƙwararren Likita ga Yara Masu Doguwar Jinya daga Gidimuni

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin da iyayen Gidimuni ke bi da yaran da ciwonsu ya fi ƙarfin likitar gari. Ta nuna cewa auna kilomita ba ya bayyana wanda zai kammala magani da wanda zai yanke. Abin da ke raba su shi ne samun masauki da mai riƙe takardun yaro tsakanin wannan zuwa da na gaba.

Gabatarwa

Gidimuni ƙaramar hukuma ce a gundumar Damagaram Takaya, kusan kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, a bakin kwaltar da ta nufi Gure da Difa. An san ta da tafki da dabino da rake. A taswirar masu tsara kiwon lafiya, gari irin wannan ya tsira, tunda mota na kai mutum babban asibitin Damagaram cikin yini ta dawo da shi. Amma yaro mai amosanin jini, ko mai taruwar ruwa a kai, ko wanda aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, ko wanda cutar noma ta zaizaye masa baki, ba zuwa ɗaya yake bukata ba. Wani lokaci ma Damagaram zango ce kawai: Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga can, Kano kuwa kimanin 240.

Waiwaye

Thaddeus da Maine (1994) sun kasa jinkirin samun magani gida uku: yanke shawara, isa asibiti, da samun kulawa bayan an isa. Domin mace mai naƙuda suka tsara shi, kuma a can ya yi amfani. Bossyns da Van Lerberghe (2004) sun nuna cewa ma'aikacin jinya a karkarar Nijar kan ƙi tura majinyaci gaba don kada a ce ya kasa. Jaffré da Olivier de Sardan (2003) sun bayyana irin tarbar da wanda bai san kowa ba ke samu a asibitocin manyan biranen Afirka ta Yamma, har da Yamai.

Saɓanina yana tare da Blanford da abokan aikinsa (2012), da duk waɗanda suka ɗora a kansu. Sun lissafa cewa kashi 39 cikin ɗari na al'ummar Nijar ne ke iya isa cibiyar lafiya cikin tafiyar awa ɗaya a ƙafa da rani, adadin kuma ya sauka zuwa 24 da damina. Lissafin ba shi da aibi, kuma ga rigakafi da zazzaɓin cizon sauro ya wadatar. Matsalar ita ce yadda ake ɗaukarsa a auna kowane irin ciwo da shi, sai a ce maganin nisa shi ne ƙara gini kusa. Ba a ajiye likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a kowace gunduma, ko a ƙasashen da suka fi Nijar wadata. Kuma ma'aunin yana ƙirga zuwa ne sau ɗaya, alhali yaran da muke magana a kansu suna ƙarewa ne a zuwa na uku ko na shida.

Hanyar Bincike

An karanta ayyukan da aka ambata da bayanan da cibiyoyin jinya suka fitar game da aikinsu, sannan aka bi kowace cuta daga Gidimuni zuwa inda ake maganinta, ana tambayar abu ɗaya: sau nawa ake komawa, kuma wa ke tuna wa iyaye?

Sakamako

Na farko a taƙaice yake. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba ta ɗauke kuɗin mota da abincin mai jinya ba, kuma amosanin jini bai san yaro ya cika shekara biyar ba. Cibiyar ƙasa ta wannan cuta tana Yamai. Hanyar Kano, inda asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yake, ta fi kusa, sai dai an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda likitansa ke ƙetaren iyaka, ranar ganin likitansa na hannun 'yan siyasa.

Na biyu shi ne zuciyar wannan aiki. A duba murɗaɗɗiyar ƙafa. Gyaranta ta hanyar Ponseti ba shi da tsada: ana ɗaure ƙafar da filasta, a canza kowane mako har kusan sau shida, sannan yaro ya riƙa kwana da takalmi mai ƙarfe har ya kai shekara huɗu ko biyar. Asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana irin wannan aiki. Zuwan farko uba kan iya sayar da akuya ya yi shi. Zuwa na huɗu, idan ya faɗo lokacin noman farko, ga uwa da goyo, ga sauran yara a gida, shi ne wanda ba a yi, ƙafar kuma ta koma yadda take. Haka bututun da ake sa wa mai ruwa a kai: yana iya toshewa bayan watanni, kuma uwar da ba a nuna wa alamun ba za ta ɗauki amai da yawan barci a matsayin shawara ko zazzaɓi.

Sai a kwatanta da cutar noma, wadda tafiyarta ta fi kowace nisa. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiya a Damagaram tun 1992. Ana karɓar yaro a can, a ciyar da shi, a yi masa motsa muƙamuƙi don kada baki ya ƙage, a jira tabo ya zauna. Masu bukatar tiyata ana kai su Yamai idan likitoci sun zo, masu rauni mafi muni kuma har Suwizalan. Bayan an dawo, ma'aikata na bin yaro ƙauyensu. Da kilomita ne ke hukunci, da wannan hanya ce za ta fi kowace zubar da yara, domin ta ƙetare hamada da teku. Abin da ya riƙe ta shi ne gida ɗaya a tsakiya, wanda ya san sunan yaro da ƙauyensu, yake ajiye takardunsa, yake nemansa idan bai zo ba. Asibitin yara masu noma na Sakkwato, da aka kafa a 1999, shi ma yana da masu shiga ƙauyuka neman marasa lafiya da bibiyarsu.

Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar Damagaram. Fataken da ke zuwa Kano a da ba su dogara da gajartar hanya ba, sun dogara da fatoma, mai masaukin da ke ajiye kaya, ya san dillali, ya tsaya wa baƙo. Abin da iyaye ke nufi idan suka ce sun yarda da wani asibiti ya fi kusa da wannan fiye da yawan na'urori: akwai wanda zai gane su idan sun koma. Shi ya sa mutum kan wuce asibitin da ke kusa ya tafi garin da ɗan'uwansa ke zaune.

Iyakar Bincike

Za a ce aikin na takarda ne, bai ƙirga yaran Gidimuni ɗaya bayan ɗaya ba, kuma Sentinelles da kuɗin waje take aiki. Haka ne. Amma ɗakin kwana da rajista da wayar salula ba su kai kuɗin ɗakin tiyata ba.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023, kuma hankalin masu ba da tallafi zai karkata can. Ina kira ga hukumar lafiya ta jihar Damagaram da sashen koyon likitanci na Jami'ar André Salifou da su gwada wannan tsari ga amosanin jini da ruwa a kai da murɗaɗɗiyar ƙafa: masauki kusa da babban asibiti, rajista ɗaya, da ma'aikaci a likitar Gidimuni wanda aikinsa shi ne kiran iyaye kafin ranar komawa.